Wankan Teku Ko Wankin Aljihu?

Shimfiɗa

Wata ranar Asabar da la'asar sakaliya ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidana a unguwar Galtimari, ina fama da takardun jarrabawar ɗalibai, sai ga wata doguwar mota ta tsaya. Wani tsohon abokin karatuna ne ya fito, wanda ya daɗe da ajiye alli ya kama kwangila, Allah kuwa ya buɗa masa. Bayan mun gaisa mun tambayi iyali, sai ya dube ni ya girgiza kai ya ce, "Dakta, wallahi kana ba ni tausayi. Mutum shekara da shekaru yana jan biro a takarda, bai taɓa sanin abin da ake kira hutu ba!" Ya zaro waya ya shiga nuna mini hotunan mako biyun da ya yi a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar. Ga teku shuɗi shar, ga rairayi fari fat, ga kifaye masu launi iri-iri. Can cikin hotunan sai na ga wani zaure mai fitilu, mutane sun kewaye wani koren tebur. Na ce, "Alhaji, nan kuma ina ne?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan wurin nishaɗi ne a cikin otel ɗin. Na ɗan taɓa ne kawai don kada a ce ban gani ba." Da na matsa masa da tambaya, sai ya zamana ɗan taɓawar nan ta cinye abin da ya ɗara albashina na wata shida.

Yana wannan bayani kuwa ya jingina da bangon gidana, daidai inda shatin ruwan ambaliyar 2024 yake har yau, don ban sami halin shafe shi da fenti ba. Tun daga ranar abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Wannan takarda amsa ce gare shi da ire-irensa, kuma jan kunne ce ga ɗalibanmu da suke kallon irin waɗannan hotuna suna haɗiye yawu. Abin da nake son tabbatarwa guda ɗaya ne: garin caca na bakin teku tarko ne da aka ɗana wa baƙo, aka lulluɓe shi da sunan hutu, kuma waɗanda suka ɗana shi sun fi kowa sanin haka.

Asalin Dabarar

Bari mu fara daga tushe, wato Monako, wata 'yar mitsitsiyar ƙasa a gaɓar Bahar Rum wadda faɗinta bai fi murabba'in kilomita 2 da 'yan kai ba. A shekarar 1861 Monako ta sallama wa Faransa garuruwan Menton da Roquebrune, waɗanda lemo da zaitun ɗinsu ne suke cika baitulmalin sarauta. Sarki Charles na Uku ya wayi gari da sarauta babu abin riƙe ta. Dabarar da aka faɗa a kai ita ce caca. A 1863 aka damƙa harkar ga wani Bafaranshe mai suna François Blanc, wanda ya riga ya goge da gudanar da gidan caca a Bad Homburg ta Jamus. A 1866 aka raɗa wa unguwar gidan cacar suna Monte Carlo, domin girmama sarkin. Kafin 1869 riba ta yi yawan da sarki ya yafe wa talakawansa harajin kuɗin shiga.

To, mai karatu, ka san sunan da aka ba kamfanin da ke gudanar da wannan caca? Idan aka mayar da shi Hausa, sunansa Kamfanin Wankan Teku da Majalisar Baƙi. Dubi yadda aka saka wanka a gaba, aka ɓoye caca a bayan labule. Dubi kuma kalmar ƙarshe, wato baƙi. Har gobe dokar Monako ta hana ɗan ƙasa yin caca a wannan gida. A bakin ƙofa ake duba takardun mutum, in ɗan gida ne a mayar da shi. Haka abin yake a Masar inda abokina ya je: sai da fasfo na wata ƙasa ake shiga gidan caca, Bamisire kuwa doka ta hana shi, kuma da kuɗin waje ake zubawa. Singafo da ta buɗe manyan gidajen caca biyu a 2010 ta ɗora wa 'yan ƙasarta kuɗin shiga mai tsauri domin ta sanyaya musu gwiwa, baƙo kuma ya wuce kyauta.

Ina tambayar Alhaji da 'yan'uwansa: idan ka je cin abinci gidan wani mai tuwo, ka tarar ya rantse 'ya'yansa ba za su ɗanɗana miyarsa ba, amma yana yi maka maraba hannu bibbiyu, shin za ka wanke hannu ka zauna? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗannan gwamnatoci sun san abin da caca take yi wa gida da iyali, shi ya sa suka katange nasu, suka bar ƙofa a buɗe ga na wasu.

Lissafin Mai Gida

Wani zai ce ai sa'a ce, yau gare ka gobe ga waninka. Wannan magana ce ta wanda bai zauna ya yi lissafi ba. Mu ɗauki faifan nan mai juyawa da ake kira rulet, wanda shi ne sarkin teburin caca a Monte Carlo. Faifan yana da gurabe 37, daga 0 zuwa 36. Wanda ya zuba kuɗi a kan lamba ɗaya ya dace, ana biyansa ninki 35, a haɗa masa da abin da ya zuba. Alal misali, a ce mutum ya zuba naira 100 a kan kowane gurbi domin kada ya rasa. Ya kashe naira 3,700 ke nan. Tilas ɗaya daga cikin lambobinsa ta ci, a ba shi naira 3,500 da kuma naira 100 tasa, jimla 3,600. Ina sauran naira 100? Ta shige aljihun mai gida. Wato a cikin kowace naira 100 da ta hau teburin nan, kimanin naira 2 da kwabo 70 rabon mai gida ne, ko wa ya ci, ko wa aka cinye. A Amurka ma sai suka ƙara gurbi na 38, rabon mai gida ya haura naira 5.

Ana iya raina wannan kaso, a ce ai kaɗan ne. Amma ɗan caca ba ya zubi ɗaya ya tashi. Abin da ya ci shi yake sake zubawa, faifai yana juyawa, ana yanka wannan ɗan kaso a kowane zagaye, tun daga bayan isha'i har asuba. Kamar mai ɗibar ruwa da ƙwarya mai tsaga ne, yana kai da komo tsakanin randa biyu: ba ya ganin zubar ruwan, sai dai ya duba ya ga randunan duka sun ƙafe. Mai gida ba ya bukatar sa'a, ba ya bukatar maguɗi. Bukatarsa kawai ka daɗe a zaune. Wannan ne ya sa ake kawo wa ɗan caca abin sha kyauta, ake ba manyan masu zubi ɗakin kwana kyauta, ake canza masa kuɗinsa da wasu 'yan faya-fayan roba masu launi, domin zuciya ba ta jin zafin rabuwa da roba kamar yadda take jin zafin rabuwa da takardar kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wani labari da malaman lissafi suke yawan kawowa. A daren 18 ga Agusta 1913, a Monte Carlo, ƙwallon rulet ya faɗa gurbi baƙi sau 26 a jere. Tun da aka yi nisa, 'yan caca suka yi ta rububin zuba dukiya a kan ja, suna cewa ai yanzu kam dole ja ta fito. Aka yi musu ƙarƙaf. Abin da suka manta shi ne faifai ba ya tuna abin da ya wuce, ba ya jin kunyar kowa, ba ya bin kowa bashi, kowa kuma ba ya binsa. Wannan "yanzu kam dole" ita ce igiyar da take ɗaure ɗan caca a kujera, daga Monte Carlo har zuwa shagon caca na bayan tasha.

Mu masu nazarin adabi muna da shaida daga gidanmu. Fyodor Dostoyevsky, marubucin nan na Rasha, ya yi asara mai yawa a teburin rulet a garuruwan shaƙatawa na Jamus irin su Wiesbaden da Baden-Baden. A 1866 bashi ya shaƙe shi, ga yarjejeniya da wani mai ɗab'i ta ɗaure shi, har ya zauna cikin ƙasa da wata guda ya yi shiftar wani ƙagaggen labari a kan ɗan caca, ya tsira da haƙƙin littattafansa da ƙyar. Mutumin da ya san zuciyar ɗan Adam kamar tafin hannunsa ya kasa riƙe tasa a gaban faifai. To, wane ne Alhaji ɗan kwangila da zai ce shi ɗan taɓawa kawai zai yi?

Hujjojin Masu Zuwa

Adalci ne a saurari abin da suke cewa. Hujjarsu ta farko ita ce hutu halal ne, kuma jiki yana da haƙƙi. Na yarda ɗari bisa ɗari. Bahaushe bai ƙi hutu ba. Manomi yana da kaka bayan damina, fatake suna da zango, almajiri ma yana da Alhamis da Juma'a. Ganin teku kuwa abin so ne, musamman ga mu da ke zaune kusan kilomita 1,000 daga gaɓarsa. Amma a hankalin kowane Bahaushe, hutu shi ne a sauke kaya a miƙe ƙafa, a tashi da sabon ƙarfi. Mutumin da ya kwana ido biyu, zuciyarsa tana dukan uku-uku a kan inda ƙwallo zai faɗa, ya dawo gida da jajayen idanu da ramin da zai shekara yana cikewa, wane kaya ya sauke?

Hujja ta biyu, wai ba kowa ne yake shiga zauren caca ba, wasu teku kawai ya kai su. Gaskiya ne akwai masu kamewa. Sai dai mu tuna cewa wanda ya gina otel ɗin bai saka zauren a tsakiyarsa don ado ba. Ya san kaso nawa ne na baƙinsa za su leƙa, kuma ya san a cikin masu leƙawa kaso nawa ne za su zauna. Abokina ma ai teku ya je gani. Mai kai kansa bakin rijiya da dare, yana cewa shi kallon wata zai yi a cikin ruwa, kada ya ga laifin kowa in santsi ya kwashe shi.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi yawa a bakinsu: "Kuɗina ne, in ga dama in ƙona su." Kafin a kai ga batun mallaka, musulmi ya san hukuncin caca a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91, inda aka jera ta tare da giya, kuma ban san wani limamin kirista da yake sa mata albarka ba. Amma ko an ajiye wannan a gefe, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a garin da babbar hanyar arziki ita ce kwangilar gwamnati da muƙami, kuɗin wa ake ƙonawa? Ba na cewa duk mai zuwa hutu waje ɓarawo ne, Allah ya kiyaye. Ina cewa dukiyar da aka tara daga ginin aji da haƙa rijiya da shimfiɗa kwalta tana da wari na jama'a a jikinta, kuma mai ita yana da maƙwabta da dangi da marayun da rikicin shekara goma sha ya bar mana. A irin wannan gari, kalmar "kuɗina ne" tana bukatar a faɗe ta da sassauta murya.

Hujja ta huɗu ta 'yan boko ce, masu cewa mu ma da za mu gina irin waɗannan garuruwa da mun sami aikin yi da haraji. Sai su je su tambayi Atlantic City ta jihar New Jersey a Amurka. Garin shaƙatawa ne na bakin teku da ya tsufa ya lalace, sai aka ce caca ce za ta tashe shi. Jama'ar jihar suka amince da ƙuri'a a 1976, aka buɗe gidan caca na farko a 1978. Dogayen gine-gine suka tashi a bakin ruwa, amma unguwannin da ke bayansu suka ci gaba da zama cikin talauci. Da jihohin maƙwabta suka buɗe nasu gidajen, kasuwa ta watse. A shekarar 2014 kaɗai gidajen caca 4 daga cikin 12 suka rufe, ma'aikata wajen 8,000 suka rasa aiki. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Revel, an kashe dala biliyan 2.4 wajen gina shi, bai kai shekara uku yana aiki ba. A 2016 sai da gwamnatin jiha ta karɓe ragamar kuɗin garin don kada ya durƙushe. Monako ta tsira ne saboda ƙanƙantarta da kuma hana 'ya'yanta. Wanda ya kwaikwayi ginin ya bar hanin, ya ɗauki guba ya bar makari.

Abin Da Ya Ci Doma

Da a ce abin ya tsaya ga masu hannu da shuni, da na ce su da aljihunsu. Amma abin da babba ya yi da jirgin sama, yaro zai yi shi da waya. Yau ɗalibi ba ya bukatar fasfo kafin ya shiga gidan caca, gidan cacar yana cikin aljihunsa, da sunan hasashen wasan ƙwallon Ingila da Sifen. Lissafin nan dai na mai gida shi ne yake aiki, sai ma abin da ya ƙaru, domin yaro yakan haɗa wasa goma ko ashirin a takarda ɗaya, kowane wasa kuwa da kason da kamfani yake yanka. Na ga ɗalibi mai ƙwazo da ya tsaya a ofishina yana hawaye, kuɗin rajistar da mahaifiyarsa ta sayar da tumaki ta aiko masa sun tafi saboda wasa ɗaya ya "yanke" masa takarda. Da na yi masa faɗa, sai ya ce, "Malam, saura ƙiris fa na ci." Wannan ita ce maganar mutanen Monte Carlo ta 1913, ta sake fitowa daga bakin ɗan Maiduguri.

Da wane baki uban da ya dawo daga teburin rulet zai tsawata wa wannan yaro? A 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama, kuma a watan Nuwamba na shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne. Madalla. Sai dai doka da take kama mai zuba naira 200 a lungu, ta yi wa mai zuba dala 2,000 a ƙetare barka da sauka, yara suna kallonta, kuma sun san sunanta. Mu kuma lura cewa tarkon yana matsowa. A watan Oktoba na 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba kamfanin Wynn lasisin gidan caca na farko a ƙasar, domin wani katafaren otel a tsibirin Marjan na masarautar Ras al-Khaimah, tafiyar kamar awa guda daga Dubai. Kowa ya san Dubai ita ce zangon 'yan kasuwarmu da manyanmu.

Namu Ruwan

A nan ne maganar ta fi yi mini ciwo. Mu ma muna da ruwa. A shekarun 1960 Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi. Kifin Baga ya ciyar da kasuwanni har kudancin ƙasar nan. A Dufuna ta jihar Yobe aka gano wani kwalekwale a 1987 wanda masana suka ƙiyasta shekarunsa da kimanin 8,000, shaidar cewa mutanen wannan yanki sun san ruwa tun kafin a yi mafarkin Monte Carlo. Ga tafkin Alau a bayan gari, inda iyalai da ɗalibai suka saba zuwa shan iska a lokacin bukukuwa. Ga tafkin Tila a ƙasar Biu, ga ruwan ɗumi na Wikki a Yankari, ga tsaunin Sukur da Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Za a ce mini rashin tsaro ya hana zuwa yawancin wuraren nan. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ba zan tura kowa ya kai iyalinsa inda rai yake cikin haɗari ba. Amma ina ganin akwai alaƙa tsakanin inda manya suke hutawa da inda suke gyarawa. Mutum yana share inda yake shimfiɗa tabarmarsa. Wanda asibitinsa yake Alƙahira, makarantar 'ya'yansa take Landan, wurin shan iskarsa yake bakin Bahar Maliya, me zai tayar masa da hankali idan ruwan gida ya lalace? A daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga Fori da Galtimari da Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa, ya hallaka mafi yawan dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Ba na cewa masu zuwa hutu ne suka fasa madatsar. Ina cewa al'ummar da ta bar tsohuwar madatsa a saman garin mutum fiye da miliyan, tana fatan damina za ta zo da sauƙi, ita ma zubi ta yi a kan lamba ɗaya. Bambancin kawai, abin da aka zuba a wannan tebur rayukanmu ne.

Naɗewa

Ba na kiran kowa ya ƙaurace wa teku. Mai hali ya je ya ga ikon Allah, ya kai iyalinsa, ya zaɓi masaukin da babu koren tebur a cikinsa, domin irin waɗannan masaukai suna nan birjik. Abin da nake kira shi ne mu daina sakaya abu. Mu'azu Haɗeja da ya tashi yaƙar giya da karuwanci a waƙoƙinsa, da sunansu ya kira su, bai nema musu laƙabi mai daɗi ba. Haka ya kamata marubutanmu matasa su yi wa caca, ta waya ce ko ta otel, a gajeren labari da waƙa da wasan kwaikwayo. Malaman lissafi kuma su ɗauki awa guda su koya wa 'yan aji ɗaya lissafin gurabe 37, domin yaron da ya gane shi da wuya a sake ruɗarsa. Mu kuma da muke zaune a majalisa, idan wani ya zaro waya yana nuna mana zauren fitilu, mu bar cewa "Allah ya maimaita", mu tambaye shi nawa ya baro a can.

Shi kuwa abokina, da ya tashi tafiya na raka shi bakin mota, na nuna masa shatin ruwan da ke jikin bangon, wanda ya kai ƙirjin babban mutum. Na ce, "Alhaji, ga namu tekun nan, har gida ya zo ya same mu, ba mu sayi tikiti ba." Ya yi shiru, ya shiga mota. Na ji an ce bana ma ya fara shirin komawa. Idan wannan mujalla ta faɗa hannunsa kafin ya tashi, ina roƙonsa abu ɗaya: in ya isa ƙofar zauren nan, ya tsaya ya tambayi Bamisiren da ke duba fasfo dalilin da ya sa shi doka ta hana shi zama a teburin.

Galtimari, Maiduguri.